Filin jirgin da anka haƙa wa tassa, har yau takardunku na cewa a buɗe yake

Birnin Konni, Litinin 4 ga Maris 1996

Zuwa ga mai girma shugaban buron da ke kula da ƙananan filayen jirgin sama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Illa Mahamadu, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana kula da ƙaramin filin jirgi na jar ƙasa da ke bisa tudu kusa da Badagishiri. Shekara bakwai ke nan ba wata uku ina ɗauke da wannan magana. Na rubuto sau huɗu a rufe, ba amsa. Yau na rubuto a buɗe, kowa ya karanta.

Na ɗaya. A ranin 1989 wani furoje, shirin gyaran ƙasa, ya zo yana ba mutane hatsi su haƙa tassa, wato ramukan da ake yi a fako, a zuba taki, su riƙe ruwan sama. Duk yankin babu fakon da ya kai filin jirgi shimfiɗa, kuma an yi shekara biyu jirgi bai sauka ba. Sai anka auna shi anka raba wa manoma. Ban ga laifinsu ba. Mai iyali da anka nuna wa buhu da gurin haƙa ba ya tambayar ko wurin na jirgi ne.

Na biyu. Ranar da anka sa dagi na hau mota har buron kumanda, mai mulkin yankinmu, na ce ko a hana, ko a buga waya Yamai a shaida wa matuƙa an rufe filin. Anka ce in rubuto. Na rubuta da Faransanci mai kyau, don na yi lakwal tun lokacin da ɗan lakwal abin nunawa ne, kuma wasu da ke zaune a manyan buro yau a bayana suke a aji. Sakatare ya buga hatimi bisa kwafina, 11 ga Afrilu. Kwafin na nan hannuna. Wayar ba a buga ta ba.

Na uku. Doka ta ce filin da anka rufe a zana masa babban gicciye fari a kowane kai, yadda matuƙi zai gani daga sama. Na nemi farar ƙasa buhu biyu, ba a ba ni ba. Na tara toka daga gidaje na zana da hannuna. Ruwan farko na Yuni ya wanke ta a rana guda, iska kuma ta cika ramukan da rairayi, shuka ba ta fito ba tukuna. Daga sama fili sumul.

Kwana uku bayan ruwan, da hantsi, jirgin feshin fara ya zo. Na tuɓe rigata ina gudu tsakiyar fili ina kaɗa ta. Matuƙin ya san ni, ya saba ganina haka ina korar awaki kafin ya sauka. Ya zaga sau ɗaya, ya ga ba akuya, ya sauko. Ƙafar gaba ta faɗa rami, jirgin ya kife.

Na huɗu. Jandarma sun zo, anka yi rahoto. Layi ɗaya ne ya shafe ni: mai kula da fili bai sa alama ba. Ba a ambaci takardata ba, ba a ambaci wanda ya ba da izinin haƙa ba. Shi an yi masa ƙarin girma. Ni yanzu ina zaune bakin gidan waya na Konni da tebur, ina rubuta wa ƴan kasuwa da direbobi wasiƙu.

Da don kaina ne kawai, da na bari, na gaji. Amma watan jiya wani makaniken jirgi da munka yi lakwal tare ya nuna mini littafin da matuƙa ke dubawa kafin su tashi. Filin yana ciki, da tsawonsa da faɗinsa, a buɗe. Ranka ya daɗe, gero ake nomawa a wurin, kuma kowane rani ana sake haƙa ramukan.

Don haka ina roƙon abu uku. A fitar da filin daga littafin, a sanar da kowane matuƙi kafin damina. A aika mutum da ƙafarsa, ba takarda ba, ya duba sauran ƙananan filaye daga Malbaza zuwa Illela, don ba namu kaɗai ne fako ba. Sannan a haɗa kwafina da rahoton nan, a goge layin da ya ɗora mini laifi. Ba na neman a mayar da ni aiki, ido ya yi rauni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka mataimaka masu buɗe wasiƙa, ya tsare duk wanda ke tashi sama bisa amanar buronka.

An sallame ni saura wata goma sha huɗu in kai fansho. Matuƙin kuwa ya cika a bayan mota kafin mu kai asibitin Tawa, kansa bisa cinyata. Ya bar mata da ɗiya biyu.

Wassalam.

Illa Mahamadu