Ƙofar da Inna Take Rufewa

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba kya barin mutum ya kai aya, sai ki hau kuka, ni ma in taya ki, mu rabu ba a ce komai ba.

Maganar Baba ce. Yau wata huɗu da rasuwar Inna, kuma ramewa yake yi. Agogon hannunsa sai zamewa yake, har ya gaji ya cire ya ajiye a kan rediyo.

Kada ki ce ba a ba shi abinci. Ni nake kai na rana, matar Yaya Babba ta kai na yamma, kuma yadda kika ce haka muke yi: kowace kula da nama, soyayye ƙarau yadda yake so. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sana'ar fawa, wanda muna ƙanana yake fasa ƙashi da haƙori muna tafi, ai ba za a kai masa abin da yake kira abincin jarirai ba. Kulolin kuma wanke suke dawowa tas, shi da kansa yake wankewa.

Idan na ce zan zauna ya ci a gabana, sai ya ce in koma wurin aiki, shi ba ɗan yaye ba ne. Kin san dama rabonsa da cin abinci a gabanmu tun muna sakandare. Inna ta ɗauki tire ta shige ɗakinta, ta rufe ƙofa, mu ji keken ɗinkinta yana ƙara na ɗan lokaci, sannan ta kira shi. Mu kuwa muna waje muna gunaguni wai tsoka mai kyau suke cinyewa. Ke ce ma shugabar masu gunagunin, kada ki musa.

Na ce wa matar Yaya Babba mu rage shinkafar mu ƙara naman, ko zai ciko. Ki gaida mini kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku. Ki zauna kafin ki karanta, amma kada hankalinki ya tashi, ya farfaɗo.

Ranar Talata Baba ya faɗi a bakin ƙofa, suna cikin gaisawa da Tela, maƙwabcin nan nasa mai shago. Kwana uku muka yi a asibiti. An ɗebi jini, an yi hoton ƙirji da na ciki, ba a ga komai ba. Likitan, wani dattijo mai furfura, ya dube ni ta saman tabarau ya faɗi wata tsohuwar kalmar Turanci da ban taɓa ji ba ko a makaranta. Na ce ya yi mini da Hausa. Ya ce yunwa ce, irin wadda take kisa, kuma in aka ci gaba a haka ba ya jin Baba zai ƙara wata biyu.

Yaya, ji na yi kamar an mare ni a tsakiyar kasuwa. Yunwa, a gidan mahauci, da 'ya'yansa uku a raye? Na fara zayyano masa kajin da muka soya, ya ɗaga mini hannu ya ce shi bai ce ba a dafa ba, cewa ya yi ba a ci ba.

Tela ne ya warware mini, yana ta sunkuyar da kai. Ashe duk abincin nan shagonsa yake tafiya. Baba ya ce masa ya yi masa yawa, kada ya lalace. Dama na lura Tela ya yi kumatu, har wuya ya ajiye, na ɗauka ɗinki ne ya buɗe masa. Shi kuwa Baba shayi kawai yake sha, da ɗan burodin da yake jiƙawa a ciki.

Na yi masa faɗa, Allah ya yafe mini. Na ce in bin Inna yake son yi, ya faɗa mana mu sani. Ya juya fuskarsa bango. Da likita ya ce ya buɗe baki ma, harshe kawai ya zaro ya mayar. Yaya Babba ya ce kewar Inna ce, ni ma haka nake gani, amma tsoro nake ji sosai, don ban san yadda ake tilasta wa uba cin abinci ba.

An sallame shi. Na kwaso yarana mun dawo gidan har ya warware. Ki sa shi a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da iyalinki. Baba da sauƙi, kuma yau ina da abin gaya miki.

Shekaranjiya da hantsi na buɗe kabad ɗin Inna ina neman zanen gado. Can ƙasa, bayan kwanukanta, na tarar da wani abu naɗe a tsohon zani. Ƙaramin injin niƙa nama ne na hannu, irin wanda ake ɗaurawa a bakin tebur. Mariƙinsa ya goge har yana sheƙi. Na ɗaura shi na juya. Yaya, ƙarar nan ce da muke ɗauka ta keken ɗinki ce. Na yaye lulluɓin keken ɗinkin, igiyarsa ma a tsinke take, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ki tuna da kyau, a shekara ashirin ɗin nan kin taɓa ganin ko hular jariri da Inna ta ɗinka?

Bayan azahar barci ya ɗauke Baba a kujera, bakinsa a buɗe. Na lallaɓa na leƙa. Haƙoran gaba suna nan reras, waɗanda yake yi mana murmushi da su. Na ciki, na tauna, babu ko ɗaya, sai guntaye da dasashi jawur a kumbure. Na zauna a ƙasa na yi kuka na ƙoshi. Wata biyar muna aika masa nama ƙarau, yana ramewa muna ƙarawa.

Na bar shi yana barcinsa. Na dafa nama ya yi luguf, na shiga ɗakin Inna na rufe ƙofa, na niƙa, na gauraya da romo da shinkafa mai laushi. Sannan na kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi injin, ya dube ni. Na juya masa baya ina ninke zanen da na riga na ninke. Ya cinye tas. Ya ce gishiri ya yi yawa, sannan ya tambaya ko da saura.

Roƙona ɗaya ne. Idan kin kira shi, kada ki nuna kin sani, kuma kada ki yi kukan nan naki. Matar Yaya Babba na ce mata girkin ya dawo hannuna, ban ƙara ko kalma ba. Maganar likitan haƙori sai ya yi ƙarfi, zan san yadda zan ɓullo masa. Tela kuwa zai rame, shi ya sani.

Yau ma na rufe ƙofar. Ina cikin juya injin na jiyo 'yata a waje tana gaya wa ƙaninta wai ni da Kaka tsoka mai kyau muke cinyewa. Na ƙyale ta.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta