Mu Uku Muka Rage a Bakin Kwata

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Ki gaishe min da Baba da su Yaya. Ni lafiya lau nake, sai ɗan ciwon baya, kada ki sa shi a ranki.

Kin tambayi abin da ke cinye min Asabar. Akwai wata tsohuwa a ƙasan benenmu, Mai Ɗinki muke ce mata. Ruwan sama ya cika ɗakinta saboda leda da robobi sun toshe kwatar layinmu. Mu muka fitar mata da katifa da keken ɗinki, tana ta ba mu haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Daga nan muka fara yashe kwatar duk mako. Ranar farko mun kai talatin, har da masu jawabi kan ceton duniya. Suka ɗau hoto suka watse. Yanzu mu uku muka rage, mu ukun da muka ɗaga katifar nan. Jiya na ce na gaji, a yashe yau, gobe a sake zubawa. Abokina ya ce, "To, je ka faɗa mata da bakinka." Na kasa. Na ɗau shebur.

Inna, kwatar bayan ɗakinki da kika yi ta fama da ni in yashe, ina cewa sai gobe, wa yake yashe miki ita yanzu? Ki faɗa min gaskiya, kuma ki yafe min.

Ɗanki,
Auta