Burin Mai Farar Ɗamara

Zuwa ga inuwar da nake fakewa, raɓar safiyata, kurciyar saman benenmu, mai ba furanni ruwa tana jiƙa mini shanya da gangan,

Gaisuwa mai tarin yawa daga maƙwabcinki na ƙasa, wanda kike kira Tsohon Akawu.

Wani labari ya hana ni cin abinci: wai ɗanki zai zo ya ɗauke ki ki koma gidansa, don idan kika faɗi a ɗaki babu mai ɗaga ki. Babu? Ni fa, hoton bango ne? Na san amsarki. Za ki tuna mini ranar da ledarki ta fashe a matakala, lemo ya watse, na durƙusa don in nuna bajinta, gwiwa ta ce ita ta yi ritaya. Ke kika jawo ni da ƙugiyar sandarki kamar mai ciro guga daga rijiya, kina dariya har da hawaye. Jikina ya miƙe a ranar, amma zuciyata tana nan durƙushe a gabanki har yau!

To, ga abin da na ɓoye miki. Ba asibiti nake zuwa da hantsi ba. Ajin kareti na shiga, wasan nan na naushi da shuri, na tsofaffi, a zauren da ke bayan kantin magani. Malamarmu, wadda na yi jika da ita, ta ce kowa ya faɗi burinsa, kuma ya zama nasa na kansa, ba na ganin ido ba. Wani tsohon direba ya ce baƙar ɗamara ta gwanaye yake so, ba farar nan tamu ta 'yan koyo ba. Wani da haƙoransa suka riga shi tafiya ya ce zai fasa katako da hannu. Ni na ce burina in durƙusa in tashi ban dafa kowa ba, sannan in ɗaga mutum guda daga ƙasa. Ta tambayi nauyin mutumin. Na ce kamar gashin tsuntsu. Da ta miƙo mini matashin kai, sai na tuna yadda matakala ke kuka idan kina hawa, na ce ta kawo buhun naushi. Kada ki yi fushi, hasken idona, so ba ya hana faɗin gaskiya.

Yanzu ina tashi da kaina, ko da yake gwiwoyina na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Buhun kuwa na ɗaga masa kai, saura gangar jiki.

Sai ihun nan na shekaranjiya. Malama ta ce naushi ba ya cika sai da tsawa daga ciki, ni kuma na gwada a tsakiyar ɗakina. Ke da kowace safiya kike buga sanda a daɓenki, in amsa da sandar shara a silin, don kowa ya san ɗan'uwansa ya tashi lafiya; ke da kike cewa ƙafa ta hana ki saukowa shan shayi; wa ya kawo ki bakin ƙofata babu sanda, babu takalmi, ɗankwali a hannu? Kika same ni cikin fararen kayan kareti kamar kara a buhun gishiri, kika ce Allah ya shirye ni, kika juya. Amma na ga kin waiwayo kafin ki hau matakala. Ashe duk faɗan nan naki hadari ne mai ɗauke da ruwa!

Kada ki tafi, sanyin raina. Wa zan amsa wa da safe? Tun da aka bar ni ni kaɗai a ɗakin nan, bugun sandarki ne kawai ke tambayar ko ina raye.

Ki ce wa ɗanki ya yi mini haƙuri har in ɗaga buhun nan ɗungurungum, ya zo ya gani da idonsa. In kuma ranar ta riga ni, kika faɗi, na hau, ni ma na zube kusa da ke, to ai ba ke kaɗai kika faɗi ba. Tsawar na riga na iya, kin shaida tana saukar da mutum daga bene.

Naki har numfashi ya ƙare,
mai farar ɗamara da farin gashi,
wanda ba zai daina shanya a ƙarƙashin furanninki ba.