Ƙorafi Kan Cire Sunan Matata Daga Tsarin Jinya

Horațiu Brânzei,
Titin Gării, Gida na 7,
Valea Arinului.
14 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Dakta Anghel Voicilă,
Asibitin Gunduma,
Valea Arinului.

Yallaɓai,

GAME DA: CIRE SUNAN SÂNZIANA BRÂNZEI DAGA TSARIN HAƊIN GWIWA NA MASU CUTAR SIKILAROSIS

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne mai suna a sama, makaniki a tashar jirgin ƙasa ta garin nan, kuma mijin Sânziana Brânzei, malamar makarantar renon yara, wadda ta daɗe tana jinya a sashenku na jijiyoyi saboda cutar sikilarosis, wato cutar nan mai cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ina roƙon ka yi haƙuri ka karanta wannan takarda har ƙarshe.

1. A watan Maris na 2022 asibitinku ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin magunguna don sauƙaƙa wa masu wannan cuta zirga-zirgar jinya. Ba zan ɓoye alheri ba, tsarin ya yi mana rana. A yini guda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a auna jini, a ga likita, a yi ƙarin ruwan magani. An kuma ba mu lambar wata nas, Madam Otilia Mocanu, wadda kamfanin ke ɗaukar nauyinta. Ko yatsa ne ya yi wa matata sanyi, waya kawai muke bugawa. Cikin wata shida Sânziana ta jingine sandar da take dogarawa ta koma aji.

2. A ranar 12 ga Yuni, 2023, awon jini ya nuna maganin kamfanin ya fara taɓa hantarta. Likitanta, Dakta Tudose, ya canza mata zuwa maganin wani kamfanin daban. Hakan shi ne daidai, kuma ba mu da ƙorafi a kansa. Amma mako bai zagayo ba sai ga saƙo a wayarta, wai ana mata godiya da shiga tsarin, kuma zamanta a cikinsa ya ƙare. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa tsarin na maganin ne, ba na majinyacin ba.

3. Daga nan aka mayar da mu gidan jiya. Sai mu karɓo takarda wajen likitan unguwa, mu bi layi a wannan taga, a tura mu waccan. Hoton ƙwaƙwalwar da ya kamata a ɗauka a Agusta an rubuta mana shi Fabrairun baɗi.

4. A safiyar 19 ga Satumba, tana ɗaura wa wata yarinya igiyar takalmi a makaranta, ta zo miƙewa ƙafarta ta dama ta ƙi, ta faɗi a gaban yaran. Idonta na hagu kuma ya rufe da hazo. Na kira Madam Otilia. Ta ɗauka, ta faɗa mini cikin ƙasa da murya cewa sunan matata ba ya fitowa a kwamfutarta, ba ta da ikon sama mana gado, kuma an ja mata kunne kan amsa kiran waɗanda aka cire. Ta ba ni haƙuri. A sashen gaggawa aka ba mu maganin raɗaɗi aka sallame mu. Likitan jijiyoyi bai gan ta ba sai ranar 2 ga Oktoba, shi ma ya ce da an yi mata allurai tun farko, da wataƙila an ceci idon.

5. Yallaɓai, a hawa na huɗu muke zaune, kuma ginin ba shi da lif. Yanzu sai maƙwabcinmu ya dawo daga aiki muke ɗaukarta a kan kujerar kicin mu sauko da ita, tana rufe fuska da gyale kada mutanen bene su gan ta. Yaran ajinta suna aiko mata da zane-zane. Ta ce in ajiye su a saman kabad, ba ta iya kallonsu tukuna.

6. Har yau hotonta da aka ɗauka don tallata tsarin yana manne a ƙofar sashenku, a tsaye, tana murmushi, a ƙarƙashin alamar kamfanin. Abokan aikina da suka gani suna yi mini barka, suna cewa ashe uwargida ta warke har ta zama tauraruwa. Sai in yi dariya tare da su, don ban san ta ina zan fara ba.

7. Na je ofishin kula da majinyata, aka ce sharuɗɗan na kamfani ne. Na sami wakilin kamfanin, ya ce jerin sunaye na asibiti ne. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa ya nuna mini wata ƙofar.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙo a matso da ranar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta, a mayar da ita hannun nas ɗin da ta san ciwonta, a cire hoton tallan nan daga bango, sannan a sake duba yarjejeniyar don kada canjin magani ya sake jefar da wani a hanya. Ba ni da lauya, ban san kowa a ma'aikatar lafiya ba, kuma babu wani asibitin da zan iya kai ta. In ka yi shiru, Yallaɓai, iyakar abin da zan iya ke nan.

Matata ba ta so in rubuto ba. Da ta yarda, sharaɗi ɗaya ta kafa: kada a hukunta Madam Otilia saboda ta ɗauki wayata. Ina roƙo a cika mata wannan ko da ba a cika sauran ba.

Ta so ta sa hannu tare da ni. Na riƙe mata takardar, ta gwada. Karkataccen layin da za ka gani a ƙarƙashin sunana ba kuskure ba ne, sa hannunta ke nan.

Ka huta lafiya.

Naka cikin biyayya da girmamawa,
Horațiu Brânzei