Ni ce nake zuba wa motar mijina ruwa a ɓoye

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a zage ni, karatuna bai yi nisa ba.

Tun ina da cikin 'yata nake tsoron ranar da maigidana zai koma Kudu ci-rani. Yana da tsohuwar bas da yake jigilar 'yan kasuwa tsakanin Kankia da Kusada, ita ce ta zaunar da shi gida. Ya sha faɗa mini, "Ranar da injin nan ya sake kwanciya, sayar da ita zan yi in tafi."

Ni nake share inda take kwana. Sai na lura in ya tayar da ita da safe farin hayaƙi ke fita ta salansa, har da ɗigon ruwa, amma ƙasan inji a bushe. Wata rana yana masallaci na buɗe lagireto yadda nake ganin yana yi, na tarar ruwan ya yi ƙasa. Na ɗauko buta na cika. Washegari ma haka. In ya dawo ya duba sai ya ce alhamdulillahi, ni kuma in ci gaba da dama koko. Me nake tunani? Wallahi ban sani ba.

Da ta fara zafi a hanyar Fakuwa, ya kai ta wajen bakanikensa, wanda tare suka tashi. Bakaniken ya zaro ma'aunin baƙin mai ya ga ya zama kamar shayi da madara, ya ce gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, ruwa ke shiga ciki. Ya tambaye shi, "Ba ta shanye maka ruwa?" Maigidana ya ce kullum cike yake samun ta. Bakaniken ya yi dariya ya ce, "To aljanun gidanku ke yi mata ban-ruwa, ka gaishe su." Nan maigidana ya fusata, ya ce mashi maƙaryaci a gaban mutane, ya janye motarsa.

Da bakinsa ya ba ni labarin yana cin tuwo. Na ce Allah ya kyauta, na miƙa mashi ruwan wanke hannu. Ban ji komai ba, har yanzu ma kamar ba a jikina ba.

Wani garejin da ya je sun ce sai dai a sake inji gaba ɗaya. Jiya dillali ya zo ya zagaya motar yana buga taya da ƙafa.

In na yi magana, wataƙila gaskit kawai za a sa a goge kan injin, maigidana ya zauna gida. Amma zai san ni na sa ya ci mutuncin amininsa, kuma ban san da wane ido zai dube ni ba. In na yi shiru, tafiya zai yi. Dillalin ya ce zai dawo ran kasuwa. Jama'a, ku faɗa mini, me zan yi?