Bayana ya lanƙwashe, jama'a sun hana ni sauka daga limanci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Admin, a sakaya sunana. Jama'a, don Allah ku ba ni shawara.

Ni dattijo ne a Kara-Kara, nan Damagaram, na daɗe ina jan sallah a masallacin unguwarmu. Shekarun nan bayana ya soma sunkuyawa, ƙafar hagu tana mutuwa in na jima a tsaye. Na je gidan likita aka ɗauki hoton bayan. Lokotoro ya nuna min cewa tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu 'yan matasai masu laushi, tsufa ya busar da nawa, ƙashi ya zauna kan ƙashi, hanyar jijiya ta ƙuntata. Ya ce magani zai rage zafi, amma miƙewa ta tafi.

Wannan hukuncin Allah ne, na karɓa. Sai dai yanzu tsayuwata ta kusa zama ruku'u, ɗagowa daga ruku'un kuwa sai na dafa bangon mihrabi. Abin da na karanta, na kuma karantar, shi ne wanda ya gaza wani rukuni ba ya jan masu iyawa. Amma wata huɗu na yi ina ɓoye dafawar da hannun riga. In na tuna, ƙyamar kaina nake ji.

Da na tara dattawan masallaci na ce zan sauka, na zaci za su yi istigfari tare da ni. Ashe sun sani! Ladan ya ce ai sahun gaba duka suna ganina, sun yi shiru ne kawai. Wani Alhaji ya ce sunkuyawar tawa tsoron Allah ne ya bayyana a jiki, har ya shafi bayana ya shafa a fuskarsa. Gaskiyar maganar, ba sa son na'ibina ya gaje ni, don iyayensa manoman ƙauyen Hamdara ne, alhali ya fi su duka karatu. Sun gwammace sallah mai shakka da su tsaya bayan baƙauye. Alhajin ya rantse ranar da na'ibi ya shiga mihrabi, shi da mutanensa za su koma yin sallah a ƙofar gidansa.

In na sauka jam'i ya tsage, in na zauna ina ɗauke da sallar mutane a bayan da ko ni bai ɗauka ba. Malamai da ke cikin zauren nan, in tura na'ibi gaba da azahar ɗin gobe, ko in ci gaba da dafa bango? Ku gaya min wanne zan iya amsawa gaban Ubangijina.