Na Mayar wa Inna Ƙullin Albasarta

Malam Nata'ala, don Allah ka taimake ni, abin ya ishe ni a rai kuma ba wanda zan iya faɗa wa.

Ni ɗan Sheme ne ta ƙasar Faskari, ɗan fari a ɗakinmu. Ka san kunyar ɗan fari a wajenmu: Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama hira da ni ba. Amma ina da ciwon ƙirji tun ina yaro, kuma duk damina sai ta tafi gindin dutse ta tono albasar daji, 'yar ƙarama mai warin tafarnuwa, ta daka ta ɗanya, ta bar ta ta ɗan sha iska, ta gauraya da zuma, ta ajiye a bakin ƙofata ta wuce. Ko da na sami aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Zariya, ba ta fasa ba. Mani direba ke kawo mini ƙullin ran kasuwa.

Shekarar da aka yi mana ƙarin albashi na Udoji na sayi babur da kwat, kaina ya kumbura. Abokan aiki suka riƙa toshe hanci suna ce mini miyar ƙauye. Sai na mayar wa Mani ƙullin ban kwance ba, na ce ya gaya mata mu yanzu asibiti muke zuwa. Wallahi haka na ce. Damina uku ke nan ba ƙulli, ni ma kunya ta hana ni zuwa gida.

To watan jiya maigidana a wurin aiki ya fara binciken dangin albasa da tafarnuwa. Ni na ɗiga ruwan wata albasar daji a farantin da muke renon ƙwayoyin cuta. Washegari sai ga fili tas kewaye da ɗigon, ba ƙwayar cuta ko ɗaya. Warin ya buge ni, na ga ƙofar ɗakina ta Sheme, na fita waje na yi kuka kamar yaro. Maigidan ya ce farar wuta ce a cikinta ke ba da warin, sai an daka ƙarfinta ke fitowa, tafasawa kuwa kashe shi take. Inna ba ta taɓa tafasawa ba!

Yanzu yana so in kawo masa irin ta garinmu. Ƙanwata Suwaibatu kuma ta aiko cewa idon Inna ya yi rauni. Ina kewarta ƙwarai, Malam. Amma da wane ido zan je neman abin da na mayar mata?

Mai Kewar Sheme

Ɗana Mai Kewa,

Ka yi kuskure, ka kuma san ka yi, don haka ba zan ƙara maka ba. Dariyar abokan aiki tana da zafi ga saurayi, kuma zuwa asibiti ba laifi ba ne. Ka ci gaba da zuwa. Abin da ya faru a faranti bai isa hujjar cewa haka zai faru a ƙirji ba, maigidanka ma zai gaya maka. Kada kuma ka tafi tono kai kaɗai, domin a daji akwai masu kama da albasa da ke da dafi. Innarka da hanci take rarrabewa, ba da ido ba.

Sai dai ka lura, ba magani kaɗai ka mayar ba. Uwar da al'ada ta hana ta kiran sunanka, da wannan ƙullin take yi maka magana, kai kuma ka ce ta yi shiru. Ta yi.

Ka nemi hutu wannan Juma'ar. Kada ka ɗauki kwalbar gwajin maigidanka, ta jira zuwanka na biyu. Ka durƙusa ka roƙi gafara, ko ba ta dube ka ba. Kada ka sa ran jawabi. Ka kwana gida kawai, da safe ka duba bakin ƙofarka. In ka ga ƙulli, ka shanye a inda za ta ji motsinka.

Allah Ya sa ka same ta lafiya, Ya ba ka albarkarta.

Malam Nata'ala